Musantawa, Ƙaryatawa da Rushe Da'awa: Nazarin Aikatau a Kunnen Hausawan Arewacin Kamaru

Poli ita ce hedikwatar gundumar Faro a Yankin Arewa na ƙasar Kamaru. Tana kudu da Garwa, cikin ƙasar duwatsu, kuma gundumar tata ta yi iyaka da jihar Adamawa ta Nijeriya daga yamma. Mafi yawan mutanen kewayen garin Doyayo ne da maƙwabtansu, harshen kasuwa Fulatanci ne, harshen ofis Faransanci, Hausawa kuwa tsiraru ne waɗanda fatauci da sana'a suka kawo, kamar yadda suka kai 'yan'uwansu Garwa da Marwa da Ngaundere. Bahaushen da ke zaune a irin wannan wuri ba ya jin maganar hukuma sai ta bi ta hannu biyu ko uku. A rubuta sanarwa da Faransanci a Yawunde, ɗan jarida ya juya ta Hausa a sashen Hausa na BBC ko DW ko RFI, sannan ta iso ta akwatin rediyo ko ta wayar hannu. Idan sanarwar martani ce ga wani zargi, kalma ɗaya ce ke ɗauke da nauyin labarin duka, wato aikatau ɗin da aka zaɓa: ko a ce gwamnati ta musanta, ko a ce ta ƙaryata, ko a ce ta yi watsi da zargin. Mai sauraro ba shi da hanyar zuwa ya gani da idonsa, don haka abin da kalmar ta gaya masa shi ne zai riƙe. Abin da muke nufin yi a nan shi ne mu rarrabe waɗannan kalmomi, mu nuna inda kowacce ta tsaya, domin muna ganin haɗa su da ake yi a matsayin abu ɗaya yana sa a yanke hukunci a kan maganar da ba a gama bincikenta ba.

Kafin mu shiga, akwai kalmomi biyar da za mu yi ta amfani da su. Da'awa, kalmar da muka aro daga Larabci, ita ce maganar da mutum ya tsayar yana neman a yarda da ita, ko zargi ce ga wani, ko neman haƙƙi, ko ba da labarin wani abu da ya auku. Hujja ita ce abin da ake kafawa a bayan da'awa don ya tallafe ta, kamar shaidar mutum ko takarda ko hoto ko abin da aka gani a fili. Aikatau kuwa, a nahawun Hausa, ita ce kalmar da ke nuna aiki. Wanda ya yi aikin shi ake kira aikau, wanda aikin ya faɗa wa kuma karɓau. A jimlar da ke cewa minista ya musanta zargin, minista ne aikau, zargin ne karɓau.

Ta fuskar ƙira, ƙaryata da musanta duk daga suna aka gina su. An ɗauki ƙarya aka liƙa mata ɗafa-ƙeya, wato ɗan ƙari da ake sa wa kalma a ƙarshenta, sai ta zama aikatau, kamar yadda tsoro ya haifi tsorata, gaskiya ta haifi gaskata. Musu ma haka, sai dai nasa ƙarin yana da harafin n, irin wanda muke gani a faranta da baƙanta. Paul Newman ya yi bayanin wannan ɗafa-ƙeya a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. A tsarin F. W. Parsons na 1960, wanda ya kasa aikatan Hausa giredi bakwai, wato rukuni bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti, dukkan su biyun suna giredi na ɗaya ne, tare da gajeriyar siffar musa. Shi ya sa suke ɗaukar wa a ƙarshe idan babu karɓau a bayansu, a ce yana ƙaryatawa, amma su ajiye ta idan karɓau ya biyo, a ce yana ƙaryata labarin. Yana da kyau mu ja kunnen ɗalibi a nan cewa musanta ba ta da alaƙa da musanya, wadda ke nufin ba da wani abu a karɓi wani, ko da yake akan ga masu rubutu cikin gaggawa sun sa ɗaya a gurbin ɗaya.

Bambanci na farko tsakanin kalmomin biyu yana ga karɓau. Ƙaryata tana faɗa wa magana, tana kuma faɗa wa mutum kai tsaye: ana cewa ya ƙaryata labarin, ana kuma cewa ya ƙaryata ni a gaban jama'a. Musanta kuwa a kan magana take sauka, a kan zargi ko rahoto ko bashi. Idan ana so a shigo da mutum sai a kewaya, a ce ya musa mini, ko ya yi mini musu. Wannan ɗan kewayen yana da ma'ana. Wanda ya musa maka bai yarda da abin da ka faɗa ba, amma ya bar ƙofa a buɗe cewa mai yiwuwa mantuwa ka yi, ko ba ka ji daidai ba, ko an ruɗe ka. Wanda ya ƙaryata ka kuwa ya taɓa mutuncinka, domin ya jingina maka ƙarya, ƙarya kuwa a wurin Bahaushe faɗin abin da ba haka ba ne tare da sanin cewa ba haka ba ne.

Bambanci na biyu yana ga aikau, kuma shi ne muke ganin ya fi muhimmanci. Musanta ba ta karɓar aikau sai mai baki, wato mutum ko hukuma ko ƙungiya. Ba a cewa hoto ya musanta magana. Ƙaryata kuwa tana karɓar iri biyu. Idan aikau mutum ne, ma'anarta ita ce ya ce maganar ƙarya ce, ko yana da gaskiya ko ba shi da ita. Idan aikau hujja ce, kamar a ce takardar ta ƙaryata shi, ko aikinsa ya ƙaryata maganarsa, ma'anar ta koma cewa maganar ta tabbata ƙarya. Kalma ɗaya ke nan mai fuska biyu, ɗaya ta furuci, ɗaya ta tabbaci, kuma daga nan ruɗanin yake tasowa. Mai karanta labarai ya ce kakakin soja ya ƙaryata rahoton, yana nufin fuska ta farko, mai sauraro kuma ya ji ta da fuska ta biyu, ya tashi da cewa an gama magana. Shaidar da ta fi ƙarfi cewa ƙaryatawar mutum ba ta mayar da gaskiya ƙarya tana cikin harshen addini. Malaman tafsiri, da tarjamar Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, da wannan aikatau suke bayyana halin mutanen da suka ƙi manzanni, kuma ita ce ke cikin ayar da ta maimaitu sau 31 a Suratur Rahman. A can duka, abin da ake ƙaryatawa shi ne gaskiyar.

Saboda haka muna iya kasa martanin da ake yi wa da'awa mataki uku. Na farko musantawa, wato ƙin amincewa, a ce ban yi ba ko ba haka aka yi ba. Na biyu ƙaryatawa ta baki, wato ƙin amincewa tare da tuhumar mai da'awa ko labarinsa da ƙarya. Na uku shi ne wanda za mu kira rushe da'awa, wato kawo hujjar da za ta sa wanda ba shi da hannu a rigimar ya ga cewa da'awar ba ta tsaya ba. Matakai biyun farko baki kawai suke bukata, kowa na iya yin su a kowane lokaci. Na ukun yana bukatar aiki, kuma Hausa ba ta ba shi aikatau guda ba, sai jimla: ya tabbatar da cewa ƙarya ne, ya kawo hujjar da ta rushe maganar, ya tona asirin labarin. Karin maganar da ke cewa gani ya kori ji wannan mataki take nufi. A gefen waɗannan akwai salon jarida da ba ya cikin ko ɗaya. Wanda ya yi watsi da zargi ko ya yi fatali da shi ya nuna bai ɗauke shi da daraja ba, amma bai ce bai aikata ba. Wanda ya nesanta kansa da wani aiki ya yarda an yi aikin, hannunsa kawai yake cirewa.

Wurin da aka fi kiyaye wannan rabe-rabe shi ne zauren alƙali. Garwa da kewayenta suna cikin ƙasar Fombina da Modibbo Adama ya karɓo wa tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1809, kuma har yau akwai alƙali cikin 'yan majalisar lamiɓe, wato sarakunan Fulani na yankin. Fiƙihun da ake karantawa a can shi ne na Malikiyya da ake karantawa a Kano da Sakkwato, daga Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. A wannan tsari, idan mai ƙara ya gama da'awarsa, ana juyawa ga wanda ake ƙara, shi kuma ɗayan biyu zai yi: iƙirari, wato amsa cewa haka ne, ko inkari, wato musantawa. Inkari ba ya kashe ƙara, yana dai ɗora wa mai ƙara nauyin kawo shaidu adalai. Idan ya kasa, sai a nemi wanda ya yi inkari ya rantse. Idan ya ƙi rantsuwa, abin da malamai ke kira nukuli, a shari'ar dukiya rantsuwar kan koma kan mai ƙara. Hikimar wannan a bayyane take. Mutum na iya kawo shaidar cewa ya ba da bashi, amma da wuya ya kawo shaidar cewa bai karɓa ba, domin abin da bai auku ba ba ya barin sawu. Shi ya sa aka ba mai musu rantsuwa a madadin shaida. Idan kuwa an kawo shaidu, hanyar da ta rage masa ita ce suka, wato ya nuna shaidan maƙiyinsa ne, ko yana da amfani a cikin ƙarar, ko an san shi da ƙarya, kuma sukan ma sai da hujja. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran abin faɗa. Babu alƙalin da zai rubuta cewa wanda ake ƙara ya rushe da'awa alhali inkari kawai ya yi.

Malaman ilimi suna da tasu kalmar ta mataki na uku, wato raddi, mayar da martani a rubuce, hujja bayan hujja. Misalin da ya fi shahara a wannan yanki shi ne wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno da jagororin Sakkwato bayan yaƙi ya shiga ƙasar Barno a 1808, waɗanda Muhammadu Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri. Al-Kanemi bai tsaya ga cewa zargin da ake yi wa mutanen Barno ƙarya ne ba. Ya yarda akwai saɓo da bidi'a a ƙasar, ya yi jayayya a kan ko waɗannan sun kai ga fitar da mutum daga Musulunci. Bello ya amsa da nasa dalilan. Har yau masana suna saɓani a kan wanda hujjarsa ta fi, kuma abin da ya ba su damar auna maganar shi ne kowane ɓangare ya shimfiɗa dalilansa a fili.

Daga wannan misali za mu ga cewa musu kansa iri-iri ne, gwargwadon ɓangaren da'awar da aka nufa. Akwai musun aukuwa, a ce abin bai faru ba sam. Akwai musun mai aikatawa, a ce ya faru amma ba mu ba ne. Akwai musun wuri ko lokaci. Akwai musun siffa, a yarda da aikin a ƙi sunan da aka ba shi, irin wanda al-Kanemi ya yi. Akwai kuma musun mai kawo labari, a bar maganar a koma kan wanda ya faɗe ta. Mai rahoto da ya ce an musanta kawai, bai faɗi wane iri ba, ya bar rabin labarin a baya.

Abin da ya faru a arewacin Kamaru a 2018 ya tara kusan dukkan waɗannan a wuri ɗaya. A watan Yuli na shekarar, wani bidiyo ya bazu a kafafen sada zumunta, yana nuna mutane cikin kakin soja sun tasa mata biyu da ƙananan yara biyu a gaba, suna zargin su da alaƙa da Boko Haram, suka rufe musu ido suka harbe su. Ministan sadarwa kuma kakakin gwamnati na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, wanda ɗan Garwa ne, ya fito ya kira bidiyon labarin ƙarya, ko da yake ya ce an ba da umarnin bincike. Hukuma ta ce makamai da kakin da ke cikin bidiyon ba irin na sojojinta na yankin ba ne, wasu kuma suka yi ta yaɗa cewa a Mali aka ɗauke shi. A ma'aunin da muka kafa, wannan ƙaryatawa ce ta baki, an haɗa ta da musun mai aikatawa da musun wuri. Ƙungiyar Amnesty International ta ce tana da dalilai masu ƙarfi cewa sojojin Kamaru ne. A watan Agusta gwamnati ta sanar da kama sojoji bakwai. A watan Satumba sashen bincike na BBC Africa Eye ya fitar da aikinsa, inda ya bi musun gaɓa-gaɓa. Game da wuri, an gwada layin duwatsun da ke bayan mutanen da hotunan tauraron ɗan'adam, ya dace da kusa da Zelevet a Yankin Arewa Mai Nisa, dab da iyakar Nijeriya. Game da lokaci, an duba gine-ginen da suke tsaye da waɗanda ba a riga an gina ba, aka kuma auna inuwar mutanen a ƙasa, aka kai ga tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilu na 2015. Game da masu aikin, an nuna bindigar Zastava M21 ƙirar Sabiya ce, wadda wasu rundunonin Kamaru ke riƙewa. Ranar 21 ga Satumba 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu, ta sallami biyu.

Mu dubi yadda aikatau za ta yi aiki a kan wannan labari a kunnen mai sauraro a Poli a makon farko. Da an ce masa gwamnati ta musanta cewa sojojinta ne, zai fahimci akwai zargi, akwai inkari, magana tana nan a buɗe. Da an ce masa gwamnati ta ƙaryata bidiyon, jimlar ba ta saɓa wa nahawu ba, ministan kuwa ya kira shi ƙarya, amma masu sauraro da yawa za su ɗauka an gano bidiyon na jabu ne. Bayan wata biyu, jimlar da ta dace ita ce hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙaryata maganar cewa ba a Kamaru aka yi ba, kuma a nan aikatau ɗin tana kan fuskarta ta tabbaci, domin aikau hujja ce. A ganinmu, wannan ita ce ƙa'idar da ta kamata ɗakunan labarai na Hausa su riƙe: idan mai magana ɓangare ne a rigimar kuma bai kawo komai ba sai bakinsa, a ce ya musanta. Idan ya yi amfani da kalmar ƙarya, a ce ya kira labarin ƙarya, a bar nauyin kalmar a wuyansa. A ajiye ƙaryata ga inda hujja ce ke magana. Matan nan biyu da 'ya'yansu ba su da kakaki, kuma tsawon makonnin da aka yi ana jayayya, zaɓen kalmar mai fassara yana cikin abin da ya sa wasu suka gaskata kisan nasu, wasu suka ɗauke shi ƙage.

A zaman yau da kullum Bahaushe ya riga ya san nauyin wannan kalma, shi ya sa yake kauce mata. Yaro ba ya ƙaryata babba, ko da yana da gaskiya. Zai ce, "Baba, ina jin ba haka aka gaya maka ba," ya ɗora kuskuren a kan wanda ya kawo labarin. Almajiri zai ce, "Allah ya gafarta malam, na ga kamar a wani littafin an kawo shi daban." Bafade zai ce, "Ranka ya daɗe, akwai sauran magana." Duk waɗannan musu ne, wasu ma rushe da'awa ne cikakke, tunda almajirin yana iya buɗe littafin, amma an cire musu tuhumar ƙarya. Faɗin ƙarya kake yi a fuskar mutum kuwa, a kasuwa ko a zaure, zagi ake ɗaukar sa, kuma sau da yawa daga nan rigima kan bar asalinta ta koma ta mutunci. Ladabin yana da amfani ga neman gaskiya ma, domin wanda aka musa wa cikin girmamawa yana iya janye maganarsa ba tare da ya amsa sunan maƙaryaci ba, wanda aka ƙaryata kuwa yakan kafe.

Akwai kuma yanayin da mataki na uku bai samu ba tukuna, kowane ɓangare yana musun ɗan'uwansa. Shi Issa Tchiroma ya bar gwamnati a watan Yuni na 2025, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a zaɓen 12 ga Oktoba, ya kuma ce shi ya ci. Majalisar Tsarin Mulki ta bayyana Paul Biya a matsayin wanda ya yi nasara da kashi 53.66 cikin ɗari, shi kuma ya ƙi amincewa da sakamakon, aka yi zanga-zanga a Garwa da wasu garuruwa. A nan akwai da'awa biyu, ɗaya tana da hatimin hukumar da doka ta ba ikon faɗin sakamako, ɗaya tana bakin ɗan takara da magoya bayansa. Mai rahoto yana iya cewa majalisar ta bayyana, ɗan takarar ya yi iƙirarin nasara, ya ƙi amincewa da alƙaluman, gwamnati ta musanta zargin maguɗi. Kafin ya ce wani ya rushe da'awar wani, sai ya nuna wa mai sauraro takardun sakamakon rumfunan zaɓe, ya faɗi wanda ya tattara su da yadda aka gwada su da jimillar da aka sanar.